Abin da Mai Firji Bai Sani Ba

Shekara bakwai Mai Firji ya yi shi kaɗai a wata ƙasar waje kafin ya samu ya kawo matarsa. Sunan ma a can ya samo shi. 'Yan garinsu da ke zaune a ƙasar ne suka laƙaba masa, saboda aikinsa gyaran firji ne da na'urar sanyaya ɗaki a wani kamfani da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Ya iya harshen mutanen daidai gwargwado, ya san ofishin da ake yi wa sammako da wanda ake zuwa bayan azahar. Duk wanda ya zo sabo, gidansa ake kai shi ya cika masa fom, shi kuwa ya zauna yana karkaɗa biro yana ba da fatawa.

Matar ta shigo ne da bizar wata shida. Kafin wa'adin ya cika sai an yi musu ganawa a ofishin shige da fice, a raba su, a yi wa kowa tambayoyi a kan ɗan'uwansa, don a tabbatar auren gaske ne ba na takarda ba. In amsoshi sun dace a ba ta izinin zama, sannan a fara maganar ɗauko 'yarsu da aka bari wajen kakarta.

Mai Firji ya sayo littafin rubutu ya jera tambayoyi sittin. Kullum in ya dawo aiki da yamma, ko kayan aikin bai cire ba, zai jawo kujera ya zauna kusa da ƙofa. Ita kuma tana gaban keken ɗinkinta a jikin taga tana haɗa wa 'yar riguna.

"Sunan kamfaninmu?"

Ta faɗa.

"Lambar bas ɗin da nake hawa?"

Keke na ta ƙara, ba ta ɗago ba.

"Uwargida, da ke nake!"

"Na'am? Me ka ce, Malam?"

"Ke kam sai an faɗi magana sau biyu. In a can ne kika yi wannan na'am ɗin, ai shi ke nan kin kashe mu. Mutum goma sha ɗaya na raka ofishin nan, babu wanda ya faɗi. Don Allah kada ki kunyata ni a gaban mutane."

Ta tsayar da keken, ta juyo da kujerarta gaba ɗaya ta fuskance shi. Ta amsa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Da suka kai ƙarshe ta ce, "To kai fa? Ba za ka yi bita ba?"

Ya yi dariya har da buga cinya. "Bitar me? Shekara goma sha uku da aure, ni zan zauna in yi bitarki? Ai ko a barci aka tashe ni na san ki."

Ta ciji zare ta ci gaba da aikinta.

Ranar ganawa suka isa tun kafin a buɗe ƙofa. Ɗakin jira dogo ne, kujerun roba a manne da juna, ga wani allo a sama yana ƙyafta lambobi. Ita aka fara kira. Ya bi ta da ido yana yi mata nuni da hannu ta gyara tsayuwarta. Minti arba'in ta yi a ciki, shi kuwa ya kasa zama, ya je bakin famfo ya sha ruwa sau uku. Da ta fito ya tare ta.

"Yaya? Kin tuna lambar gida?"

"Na faɗi abin da na sani," in ji ta.

Ɗakin ganawar ƙarami ne. Jami'ar mace ce mai matsakaicin shekaru, fayil ɗinsu a buɗe a gabanta. A gefe ga tafinta, wani dattijo mai furfura da tabarau rataye a wuya, wanda ke jin harshensu. Mai Firji ya gaishe shi a tsaitsaye, ya juya ya ce wa jami'ar shi ba ya bukatar tafinta. Ta ce ba laifi, amma ƙa'ida ce tafintan ya zauna.

Da farko abin ya tafi sumul. Ranar aure, adireshi, sunan 'yarsu da ajinta a makaranta, duk ya zubo su har yana ƙara bayanin da ba a nema ba. Sai jami'ar ta juya shafi.

"Wa ya koya wa matarka ɗinki?"

"Mahaifiyarta."

Ta rubuta wani abu. "Yayarta da ta rasu, a wace shekara ce?"

Ya san ta rasu, don har gaisuwa ya yi ta waya. Shekarar ce ta ɓace masa. Ya faɗi wata, ya sake, ya koma ta farko.

"Wace ce babbar ƙawarta a gida? Wane abinci ne ba ta ci? Tana shan wani magani?"

Ya yi ta laluben amsa, jami'ar na rubutu ba ta kallonsa. Can ta zaro wata takarda mai tambarin asibiti, wadda aka yi wa matar lokacin gwajin lafiya na biza.

"Rahoton likita ya nuna matarka ba ta ji da kunne ɗaya. Wanne ne?"

Ya ɗauka harshen ne ya kuɓuce masa. A karo na farko ya juya wajen dattijon. Dattijon ya maimaita masa tambayar da harshensu, a hankali, idonsa a kan tebur.

Mai Firji ya dubi takardar. Zai iya cankar ɗaya, ko ya dace ko ya kuskure. Amma fuskarsa ta riga ta ba da amsa, ya ga hakan a idon jami'ar.

"Ban sani ba," ya ce. Da harshensu maganar ta fito, don haka sai da dattijon ya fassara ta, ya ji ta sau biyu.

Jami'ar ta ajiye biro. Ta ce bari ta karanta masa abin da matarsa ta faɗa a kansa. Tabon salansar babur a ƙwaurinsa na dama. Ya daina sa sukari a shayi tun da likita ya tsorata shi. Yana tsoron lif, gara ya taka bene hawa shida da jakar kayan aiki a kafaɗa. In ransa ya ɓaci a wurin aiki, takalminsa yake fara gogewa kafin ya yi wa kowa magana. Ko ɗaya daga cikin waɗannan babu shi a littafin tambayoyi sittin.

"Ka gane matsalata," in ji jami'ar. "In ɗaya ya san komai, ɗaya bai san komai ba, yawanci abin da muke samu shi ne an ba mace labari ta haddace. Ban ce haka naku yake ba. Amma ba zan iya sa hannu yau ba."

Ta ba su sati shida. Za a turo wani ya duba gidan, sannan a sake ganawa.

A baranda dattijon ya cim masa. "Ɗana, tsaya. Aikina bai yarda in gaya maka abin da aka yi a ɗakin nan kafin ka shigo ba. Amma babu dokar da ta hana ka tambayar matarka." Ya dafa kafaɗarsa ya wuce.

A bas bai iya kallonta ba. Ya ce mata an ɗage, ta ce to. Sai da suka shiga gida ta cire mayafi ta ɗora ruwan zafi, sannan ya tsaya a bakin kicin kamar baƙo.

"Wane kunne ne?"

Ba ta juyo ba. Ya gane dalili, ya zagaya ta ɗaya gefen ya sake tambaya.

Ta dube shi, ta taɓa na hagu. Gefen ƙofa ke nan, inda ya yi wata huɗu yana zama yana yi mata tsawa.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyar. Zazzaɓin nan da ya kwantar da ni kwana tara a asibiti. Kunnen ya yi ta ruwa, da ya bushe sai ya rufe."

"Me ya sa kika ɓoye mini?"

"Ban ɓoye ba, Malam. Na gaya maka a waya, ina kan gadon asibiti. Lokacin kana fama da sabunta takardar aikinka. Ka ce Allah ya sawwaƙe, in sha magani, ka ci gaba da ba ni labarin layin da kuka bi tun asuba. Na sake faɗa bayan an sallame ni, ka ce ana kiranka a ɗaya wayar." Ta zuba ruwan a kofi, ta haɗa masa shayi. "Sai na bar shi. Ni dai nawa ɗaya ne ya mutu."

Da murmushi ta faɗa, ba da faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi masa sauƙi. Ya koma ɗaki ya zauna a bakin gado, shayin ya huce a hannunsa.

Ranar Lahadi abokinsa direban tasi ya zo da matarsa jin yadda aka yi. Da aka ce an ɗage, babu wanda ya tambayi wa ya faɗi. Matar direban ta kama hannun uwargida tana rarrashi. "Kada ki damu, 'yar'uwa, sabon zuwa haka yake. Ni ma rawar baki na yi ta yi ranar tamu." Direban ya ce, "Ka ƙara mata karatu, mutumina. Kai da kake fitar da wasu, a ce a gidanka aka samu cikas?"

Mai Firji ya ji bakinsa ya ce, "Ai sai a hankali."

Uwargida ta ɗago ta dube shi sau ɗaya, ta miƙa wa baƙuwar faranti ta ce ta ƙara. Ba ta gyara maganar ba, har suka tafi.

Wannan ya fi masa ciwo fiye da abin da ya faru a ofis. A can rashin sani ne, a nan kuwa yana sane. Washegari a wurin aiki ya kwance bayan wani firjin kanti, ya tsaya riƙe da sukundireba ya manta abin da ya zo dubawa. Da aka tashi cin abinci ya fita bayan shago ya kira direban.

"Jiya na bar ku kun tafi da ƙarya. Ba ita ta faɗi ba, ni ne. Ita duk ta amsa. Ni aka tambaya a kanta na kasa. Ka gaya wa matarka."

Direban ya fashe da dariya, sannan ya ji muryar abokinsa ba ta wasa ba ce ya daina. Kafin sati ya zagayo labarin ya gama gidajen 'yan garinsu. Wasu suka yi ta tsokanarsa, in sun gan shi su ce, "Malam, ka san sunanta kuwa?" Ya haɗiye.

Tambayar matar ta fi masa wuya fiye da yadda ya zata. Ranar farko ya ɗauko biro, ta ce in rubutu zai yi ita ba ta da abin faɗa. Ya ajiye. Da ya tambayi wa ya koya mata ɗinki, ta ce yayarta ce, sai ga hawaye. Ya zauna bai san inda zai sa hannunsa ba. A ranar ya ji cewa ita ta yi jinyar yayar wata bakwai, da ƙaramar yarinya a hannu, kuma keken da ta sha wahalar shigowa da shi jirgi, wanda ya yi ta mita a kan nauyinsa, na marigayiyar ne. Wani lokacin ta ba shi labari har ruwan wanka ya huce. Wani lokacin ta ce, "Yau na gaji, Malam," ya ƙyale ta.

Mai duba gida ya zo wata Talata, ya leƙa kicin da banɗaki, ya ga kayan mutum biyu a ko'ina, ya tafi. A ganawa ta biyu jami'ar nan ce dai, amma tafintan wani ne daban. Mai Firji ya amsa abin da ya sani. Sau biyu ya ce bai sani ba, bai yi canka ba. Jami'ar ta dube shi ta saman fayil, ta sa hannu. Bayan sati uku katin izinin zama ya iso.

Da katin ya samu ya yi mata rajista a asibitin kunne. Aka sa ta a wani ɗan ɗaki aka ɗora mata abin ji a kai, tana danna maɓalli in ta ji ƙara. Likitan ya duba sakamakon, ya tambayi shekara nawa, ya girgiza kai. Babu tafinta ranar, Mai Firji ne zai fassara. Likitan ya ce jijiyar ta mutu. Da an kawo ta wajen masu kunne a watannin farko da wataƙila an ceto wani abu, amma yanzu babu abin da za a yi sai kula da na daman.

Uwargida ta juyo. "Me ya ce?"

Zai iya cewa likita ya ce babu magani, ya tsaya nan, ba za ta taɓa sani ba. Ya faɗa mata duka, har da maganar watannin farko.

Ta ɗan jima tana kallon takardar sakamakon da ba ta iya karantawa. Sannan ta ninke ta ta sa a jaka, ta yi wa likitan godiya da kalma biyun da ta koya.

"Tashi mu je," ta ce. "Gobe ne za ka kai fom ɗin yarinya, ko hotonta ba mu wanko ba."

Ya miƙe ya bi bayanta.