Madubin Moton Cindo

Duk garinmu Gidan Amumune an san yayana Lamine da abu ɗaya: shi ne ya yi karatu har ya zama dokta a kan tsutsar da ke cin zangarniyar gero. Yana da labo, ɗakin bincike, a Maraɗi, da farar riga, da mutunci. Sai ga shi bana, damina na farawa, ya sauko daga mota da gwangwanayen fenti da ƙyallaye, wai ya ajiye aikin, zane zai yi. Da ma zanen shago ne ko na bayan mota, da an ce sana'a ce. A'a, wai abin da ke cikin zuciyar mutum yake son fitarwa a fuskarsa.

Ni Rufaida, ƙanwarsa, ni na sha tambaya. A kasuwa, a bakin rijiya, a gidan suna: "Lahiya dai Dokta yake?" Har na gaji da cewa lafiya lau, don ni kaina ban tabbata ba.

"Yaya, tsutsar ta ƙare ne?" na ce masa.

"Tsutsa na gane ta sarai," in ji shi. "Mutum ne ya gagare ni."

Mutumin da ya gagare shi kuwa Innarmu ce. Lamine ɗan fari ne, Inna Hawwa kuma mutuniyar da ce. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, in tana da magana sai ta biyo ta kaina ko da yana zaune gabanta. Kowa ya san kunyar ɗan fari, ban da wannan bawan Allah da aka kai lakkwal karatun boko tun yana ƙarami ya girma a garuruwan mutane. Shi a wurinsa fushi ne. Ya rantse mini cewa in ya tabbata Inna ba ta yarda da zanen ba, zai zubar da fentin ya koma labo, don shugabansa ya ce kujerarsa na nan har girbi. Na san kuma in ya koma a haka, da ƙullin nan zai mutu.

"To ka tambaye ta mana!" na ce.

Ya durƙusa ya tambaya. Inna ta dube ni ta ce, "Ki ce ma yayanki tuwo na hucewa."

Sai ya ce zai zana ta, fuskar za ta faɗa masa gaskiya. Kullum da hantsi ya shimfiɗa mata tabarma a gindin bedi. "Inna, dubo nan." Inna ta dubi akuya. "Inna, nan." Ta dubi turmi. Kowane zane ya fito da gefen fuska da baki a tsuke, shi kuma ya jawo ni yana nunawa da burushi. "Voilà, dubi bakin nan. Wanga ƙi ne."

"Ba ƙi ba ne, ƙugunta ka ciwo! Ka zaunar da tsohuwa kamar mai jiran mota."

Bai ji ba. Gero ya nuna, aka fara yanka, Lamine ya ɗaure jakarsa ranar kasuwa zai bi motar Maraɗi. Inna ta fito ta tarar da zanen ƙarshe jingine da rumbu, ta tsaya tana kallonsa.

"Rufaida, wace ce wagga mai baƙin rai?"

"Ke ce, Inna."

"Ki ce mashi ƙarya ya zana."

Nan haƙurina ya ƙare. "Wallahi na gaji da zama waya tsakaninku!" Na juya kansa. "Kai kuma, shekara da shekaru kana leƙen tsutsa, uwarka ta hi ƙarhinka? Gabanka ne ba ta dubanka. Da ka juya baya idonta bai barin ƙeyarka har ka sha kwana. Duk gidan nan an sani, har akuyar."

Ya fice. Na ce shi ke nan, na kore shi da bakina, raina ya ɓaci. Can sai ga shi da madubin moto da ya kwanto daga moton Cindo mai kabu-kabu. Ya ɗaure shi da roba a saman katakon zanensa, ya zauna ya ba Inna baya. Inna na kan tabarma tana tsinkar zogale.

Ya shiga murɗa madubin, ya yi dama, ya yi hagu, robar na zamewa, zufa na karyo masa. Na san in Inna ta gane dabarar, ɗaki za ta shige ba za ta sake zama ba.

Ba ta ko daina tsinkar ba ta ce, "Rufaida."

"Na'am, Inna."

"Ki ce ma yayanki shi ɗaga madubin kaɗan. Haɓata kaɗai yake gani."

Ya ɗaga. Muna jin motar Maraɗi tana ta hon a tasha har ta gaji ta tashi, shi ko motsi bai yi ba. Burushin na hannunsa bai taɓa ƙyallen ba, fenti na ɗiga a kan farin wandon da ni ce zan wanke.