Injin Mutum Biyu

Tijjani ya shiga shagon Kalilu da niyyar sayen injin haƙa rami guda ɗaya, sai ya tarar da biyu, kuma tun daga wannan safiyar hankalinsa bai sake zama wuri ɗaya ba.

Na farkon ɗan madaidaici ne, mai batir, jikinsa sumul. A kwalinsa akwai hoton wani Bature cikin ƙatuwar riga, tsaye a kan ruwan da ya daskare, yana huda ƙanƙara don ya kamo kifi. Tijjani ya daɗe yana kallon hoton nan. A Arlit ƙanƙara sai dai a jefa ta a ruwan sha, ashe akwai inda ake takawa a kanta har a kafa kujera. Kalilu, mutumin Maraɗi da ke sauke kayan da suka gangaro ta Assamakka, ya ce kada hoton ya ruɗe shi, an riga an cire haƙorin ƙanƙara an sa masa na ƙasa.

"Ka ɗora batirin a sola da rana, gobe ka yi ta aikinka," in ji Kalilu. "Ba isansi, ba hayaƙi, ba ƙara. Kai kaɗai ka ishe shi, Baba."

"Ni kaɗai."

"Kai kaɗai. Ba ka bukatar kowa."

Na biyun yana kwance a lungu, ja wur, mai shan isansi, wato man fetur, mariƙansa sun buɗe dama da hagu kamar ƙahon sa. Kalilu ya nuna shi da ƙafa kawai. Ya ce wannan mutum biyu yake ci, ɗaya a nan ɗaya a can, kuma samarin da ke tafiya haƙar zinariya a Tchibarakaten yake ajiye wa irinsa, ba dattijai ba. Kafin ya rufe baki Tijjani ya durƙusa gaban jan injin yana shafa mariƙinsa.

To, ba za a gane abin da ya durƙusar da mai furfura gaban ƙarfe ba sai an san Alkassoum. Tijjani ɗan Damagaram ne, Alkassoum kuwa mutumin Timiya, can cikin duwatsun Abzin. A ramin ma'adinin Akokan aka haɗa su suna samari, aka ba su injin huda dutse ɗaya, suka tsufa a kansa. Da aka rufe ramin, abokan aikinsu suka watse, kowa ya nufi garinsu. Su biyun nan suka ƙi. Suka haɗa hannu suka kama garka a bakin gari, suna fitar da albasa da tumatir da salati, suna faɗa a kan ban ruwa kullum safiya kamar an biya su. Alkassoum ya fi shekara talatin yana jin Hausa amma har yau ba ya raba mace da namiji, kowa "ya" ne a bakinsa, Tijjani kuma bai taɓa gajiya da tsokanarsa a kan haka ba.

Bara hawan jini ya kayar da Alkassoum a tsakiyar fangalin albasa. Ya tashi, alhamdu lillahi, ƙafa ta dawo, magana ta dawo, amma hannun hagu ya ƙi. Yana nan a jikinsa, yana ɗan motsi, ba ya riƙe komai. Tun daga nan yake zuwa garka da sassafe kamar da, ya zauna a gindin bagaruwa, ya hura gawayin shayi da hannu ɗaya, ya yi ta kallon abokinsa yana aikin mutum biyu. Faɗan ban ruwa ya ƙare. Abin da ya fi ci wa Tijjani rai ke nan, don mutumin da ya daina yi maka gardama ya fara sallama da kai.

Matar Alkassoum ta rasu da daɗewa. 'Yarsa Lalla tana aure a Agadez, kuma ita ce ta kira Tijjani a salula ranar kasuwa, ta gaishe shi da ladabi kamar yadda ta saba, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Baba Tijjani, ni ba gardama nake yi ba. In yana da abin yi a garkar, na bar shi. In kuwa zama ne kawai a gindin itace, ai akwai itace a Agadez. Bayan Juma'a zan turo mota."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Tijjani ya ce mata akwai aiki mana, aiki ma babba. Kuma akwai ɗin: dashen lemu da Alkassoum ya sa aka kawo daga Timiya yana jere cikin leda, saiwoyi har sun fara fasa ledar, ga ƙasar garkar in an wuce rairayin sama sai tauri kamar daɓe. Shi kuwa Tijjani, bayansa ya daina ɗaukar aikin diga. Inji kam dole ne. Abin da ya rage shi ne wanne.

Da ya koma gida ya ba matarsa Hansai labarin injinan biyu, sai ya yi ta yabon jan yana kushe ƙaramin, wai batir abin wasan yara ne, wai ƙasar Arlit ba ta jin lallashi. Hansai tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Malam, da wannan bayan naka za ka rungumi jan injin?"

"Ai ba ni kaɗai ba ne. Mutum biyu yake ci."

"Na ji. Ramuka za ka saya wa inji, ko mutum?"

Tijjani ya ce a ba shi ruwa ya sha, rana ta dafa shi. Hansai ta kawo ruwan, ta tsaya a kansa har ya shanye, ta ce ita dai abin da ta sani, hannun da ba ya riƙe kofin shayi ba zai riƙe wannan ba, kuma in wani abu ya faru shi zai kalli idon Lalla, ba ita ba.

Kalilu ba shi da matsala, ya yarda a gwada duka biyun kafin a yi ciniki. Washegari da hantsi amalanken jaki ya sauke su a bakin garka. Alkassoum ya taso daga gindin bagaruwa, rawaninsa ya rufe baki, hannun hagu a cikin aljihun riga inda yake ɓoye shi yanzu. Ya zagaya injinan yana dubawa da idon wanda ya san ƙarfe.

Aka fara da ƙaramin. Tijjani ya kafa haƙorin a ƙasa ya danna, yana fata a ransa abin ya ba da kunya. Ina. Injin ya yi ɗan gurnani kamar keken ɗinki, ƙasa ta riƙa murɗowa sama tana zubewa gefe, kafin a jima ga rami mai kyau, zagaye, daidai ledar dashe. Ko zufa bai yi ba.

Alkassoum ya leƙa ramin, ya gyaɗa kai. "Ya yi kyau," ya ce. "Wannan ba ya son kowa." Ya juya ya nufi wajen shayinsa, tafiyarsa a hankali.

Tijjani ya ji maganar nan har cikin ƙirjinsa. Ya ɗaga murya ya ce wane kyau, ai ƙarya ce ta farko, rami biyu zai ƙara batirin ya mutu, shi ya ji yadda yake numfashi da kyar a hannunsa. "Zo nan, Kasum. Zo ka kama mini wannan, mu ga na maza."

Alkassoum ya tsaya. Sannan ya dawo, ya ciro hannun hagu daga aljihu, ya ɗauke shi da na dama ya ɗora a kan mariƙin, ya lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya kama ɗaya mariƙin da hannun lafiya. Tijjani ya kawar da kai kamar yana duba isansi. Ya ja igiya, ya sake ja, injin ya tashi da wata irin ƙara da ta kori kurciyoyin garkar gaba ɗaya, jakin mai amalanke ma sai da ya zabura.

Haƙori ya shiga ƙasa. Injin yana son ya juya da su, suna hana shi. Tijjani ya san ɓangaren abokinsa ba zai tsaya ba, don haka ya tokare ƙarfen da ƙugunsa, ya miƙa hannunsa can tsakiya ya tare murɗawar duka, yana yi yana murmushi don kada a gani. Hayaƙi ya cika musu ido. Ta cikin hayaƙin ya hango rawanin Alkassoum ya zame, bakinsa a buɗe, yana dariya, yana faɗin wani abu da ƙarar ba ta bari a ji ba. Rabon da ya ga haƙoran mutumin nan tun kafin ciwon. Wallahi a wannan lokacin da an ce ya ba da garkar a bar masa jan injin, da ya bayar.

Suka gama rami ɗaya, suka matsa na biyu. A na biyun ne haƙorin ya ci karo da dutse.

Wanda ya taɓa riƙe irin wannan injin ya san abin da ke biyo baya. Haƙori ya tsaya cak, sai kan injin ya juya maimakonsa. Da mutum biyu ne da gaske, da sun raba bugun. Tijjani kaɗai ya same shi, a wuyan hannu, ya ji wani abu ya yi ƙas. Ya saki maƙullin, injin ya mutu, garkar ta yi tsit. Ya yi maza ya sa hannun a bayansa ya ce ai ka gani, wannan shi ne inji, dutse ma sai da ya ji a jikinsa.

Alkassoum bai yi dariya ba. Ya gyara rawaninsa a natse.

"Kawo hannun."

"Ba komai, ɗan bugu ne."

"Tijjani, kawo hannun."

Ya kawo. Wuyan hannun har ya fara kumbura. Alkassoum ya taɓa shi da yatsa nan da can, ya sa shi ya motsa 'yan yatsu, ya ce targaɗe ne, ba karaya ba, Allah ya rufa asiri. Ya ja shi zuwa gindin bagaruwa ya zaunar da shi a kan tabarma.

"Tun ramin farko na sani," in ji Alkassoum. "Ɓangarena ba shi da nauyi ko kaɗan. Na ji daɗi, shi ya sa na yi shiru, laifina ke nan. Amma kai naka ya fi. A ƙarƙashin ƙasa me muke gaya wa sabon ma'aikaci ranar farko? In nauyi ya fi ƙarfinka ka faɗa, in kana ɗaukar na wani ka faɗa. Wanda ya ɓoye shi yake kashe mutane. Kai ka koya mini wannan."

Tijjani ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi, da tsoro, don ya ga dabararsa ta ƙare kuma ba shi da wata. Sai kawai ya faɗi gaskiya.

"Lalla za ta turo mota bayan Juma'a. Ta ce in ba ka da abin yi a nan, gara ka koma wajenta. Ni kuma ba na so ka tafi, Kasum. Duk sun tafi. In na shigo garkar nan ban ga hayaƙin shayinka ba, ban san me zan zo yi ba."

"Shi ne ka nemo injin da zai karya ka."

"Shi ne na nemo injin da ke son mutum biyu."

Alkassoum ya juya yana kallon dashen lemun da ke jere cikin leda. Can ya ce gobe a mayar wa Kalilu jan, a biya kuɗin ƙaramin, kuma kada ya sake jin wata ƙarya a kan batir. Ya ƙara da cewa shi ma bai so jan ba, yana ta magana ɗazu ba wanda ya ji shi. Tijjani ya tambaye shi me yake cewa. Ya ce cewa yake yi ramin ya karkace, kamar yadda duk ramin da Tijjani ya haƙa yake karkacewa tun suna samari.

Alkassoum ya laluba aljihu ya ciro salula, ya ɗora ta a gwiwa ya danna da babban yatsa. Shi da 'yarsa Tamajak suke yi ko da yaushe, Tijjani bai taɓa jin sun yi wani yare ba. Yau da ta ɗauka, sai ya gaishe ta da Hausa, kuma ya ci gaba da Hausa, yana ɗaga murya fiye da yadda ake bukata.

"Lalla, kada ka turo mota. A'a, ba aiki ba. Hannun bai dawo ba, kuma ba zai dawo ba, kada wani ya yi maka ƙarya." Ya saurara, tana magana mai tsawo a can. "Na ji. Na san kana so na, Allah ya yi maka albarka. Da Salla zan zo in daɗe. Amma akwai wani tsoho a nan da ba a barin sa shi kaɗai. Yau ina tsaye a gabansa ya kusa karya kansa. In na tafi wa zai duba shi?"

Tijjani ya juya fuskarsa wajen fangalin albasa, ya bar ta a can, don idonsa ya cika kuma hannun gogewa yana ciwo.

Alkassoum ya kashe wayar. Ya warware tsumman da yake naɗe kofunan shayi, ya jiƙa shi da ruwan buta, ya shiga naɗa shi a wuyan hannun abokinsa, yana riƙe bakin tsumman da haƙori yana zagayawa da hannun dama. Da ya zo wajen ƙulli sai abin ya gagara. Ya gwada, tsumman ya kwance, ya sake gwadawa.

"Kai kuma kana zaune kana kallo," ya ce ta cikin haƙora. "Sa yatsanka nan in ƙulla."

Tijjani ya miƙo hannunsa mai lafiya ya danne tsumman.