Jirgin Orazbay Bai Nutse Ba

Na dawo Moynak da digiri a kan binciken jiragen da suka nutse, bayan shekara shida a Turai. Teku kuwa ya janye daga garinmu tun kafin a haife ni. Jiragen kamun kifi suna nan zube a kan yashi.

Masu sayen ƙarafa sun sa ranar da za su yanka mafi tsufa a cikinsu: ƙarshen wata. Abu ɗaya ne zai hana su, gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihi, ta ba da kuɗin adana shi. Na nema. Ma'aikata ta ce asusun na jiragen da suka nutse ne kaɗai, kuma sai matuƙin ƙarshe ya sa hannu cewa ya nutse.

Matuƙin shi ne Orazbay, ɗan shekara tamanin da ɗaya. Yanzu raƙuma yake kiwo a inuwar jirgin.

"Aga, ga inda za ka sa hannu," na ce masa. Haka muke kiran na gaba da mu don girmamawa.

"A kan me?"

"Cewa ya nutse."

"Jirgin uban wa? Shekara ashirin ina tuƙa shi, ko tabarmata ba ta taɓa jiƙewa ba. Ruwa ne ya gudu. Rubuta haka."

"Babu gurbin haka a takardar."

"Duk karatun nan naka, gurbi ya gagare ka?"

Ranar Laraba ma'aikata ta turo wata jami'a, Biybigul, ta gani da idonta. Ta zo da igiyar awon zurfin ruwa. Ta zagaya jirgin sau biyu, wani raƙumi na biye da ita yana shinshina jakarta.

"Ata, ina gindin jirgin?" ta tambayi Orazbay, tana kiransa kaka da harshenmu.

"Yana ƙasa mana, 'yata. A sama kike nemansa?"

"Ban gan shi ba."

"Yashi ya rufe shi."

"Bara a ina yashin ya tsaya?"

Ya nuna da sanda. Na bana ya wuce wurin da taƙi biyu.

"To ai nutsewa yake yi," in ji ta.

Orazbay ya zauna. Sai da ya shanye shayi kofi biyu kafin ya yi magana.

"A ruwa ko a yashi?"

"Takarda ba ta tambaya ba."

"Ni na tambaya."

"A yashi, Ata."

"Kuma bayan na sauka?"

"Da shekara arba'in."

"Miƙo biron. Amma kada matata ta ji."

Masu ƙarafa suka juya da motarsu. Kuɗin ya fito bayan wata huɗu, tare da kayan aikin da doka ta tanada: rigunan hana nutsewa goma sha biyu da kwalekwalen roba. Orazbay ya hura kwalekwalen da bakinsa, ya ɗauke shi yini guda. A ciki raƙumansa suke shan ruwa yanzu.