Jirgin da Ya Ƙi Jiran Baba Direba

Baba Direba ba mutumin da za a koya wa tafiya ba ne. Hanyar da ta haɗa garinsu da birnin da ƙaninsa yake zaune, ya ci ta da gingimari tun tana jar ƙasa, kwana biyu cur in gada ba ta karye ba. Sau nawa mota ta kife da shi ya fito yana kakkaɓe riga? Bai taɓa shiga aji ba, amma duk ramin da ke hanyar nan ya san shi.

To, sai aka kwantar da ƙanin a asibiti, za a yi masa aiki da la'asar, ya kuma roƙi ya ga yayansa kafin a shiga da shi. 'Yar Baba ta sayi tikitin jirgin sama na hantsi. Ta ce tafiyar awa ɗaya ce, amma sai sun isa filin jirgi awa biyu kafin tashi.

Nan Baba ya ce bai san zance ba. Ina aka taɓa yin jiran da ya fi tafiyar tsawo? Direbobi, na ƙasa da na sama, duk kanwar ja ce: a sa lokaci, a ɓuge da jiran cikon mutum ɗaya. Wanda ya kama kujera kuwa ba a tashi a bar shi. Ya yi aski, ya sha shayinsa yana hurawa, ya sauya hula, 'yar tana tsaye bakin ƙofa da jaka kamar ta yi kuka. A hanya kuma cunkoso ya riƙe su, Baba yana ta koya wa mai tasi tuƙi.

Da suka isa, ma'aikaciyar da ke karɓar tikiti ta ce an rufe ƙofa. Baba ya hango jirgin ta gilashi, a tsaye, ko motsi bai yi ba.

"Yarinya, ga motar can ba ta tashi ba. Kira min direban, ki ce ɗan'uwansa ne."

"Baba, ka yi haƙuri," in ji ma'aikaciyar. "Sai na gobe da safe."

Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya lissafa mata fasinjojin da ya taɓa tsaya wa a tsakiyar daji. Yana cikin magana jirgin ya ja da baya, ya miƙe, ya ɗaga.

Da la'asar, suna nan a filin jirgin, matar ƙanin ta kira. Likitoci ba su iya jira ba, an shiga da shi, yana ta tambayar ko Yaya ya sauka. Baba ya miƙa wa 'yarsa wayar, ya nemi kujerar da ta fi kusa da ƙofar, ya rungume jakarsa.

"Je ki gida," ya ce. "Ni a nan zan kwana."