Sunan 'Yar Fari

Indo ta kife butar shayi tun rana ba ta yi zafi ba, abin da ba ta taɓa yi ba a kasuwar Suk al-Shabi sai ranar da mijinta Labaran ya rasu. Direbobin da suka saba zama a kujerunta suna ta tambayar ko lafiya, ita kuwa tana tura kofuna cikin bokiti tana cewa lafiya lau, Omdurman za ta. A bakin rumfar, Gogo, uwar marigayin, tana zaune ta dogara da sanda, baƙar ƙasar Gezira ba ta ma bar ƙafafunta ba. Yarinyar tana tsaye kusa da ita, ta rungume jakar takardu a ƙirji.

Yarinyar, haka Indo ke kiranta ko a zuci. In ta matsu ta ce 'yar Gogo, in ta ƙara matsuwa ta ce ke. Sunanta Saratu, duk unguwar Alsahafa an sani, amma ba daga bakin Indo aka ji ba. Ita ce 'yar farinta, kuma sunan mahaifiyar Indo aka sa mata, kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Tun da aka yaye ta Gogo ta goya ta ta tafi da ita kambo, ƙauyen masu ƙwadagon auduga a Gezira. Can ta girma, can ta yi makaranta. Ita ma ba ta ce wa Indo Yumma, wato Mama, kamar ƙannenta. Yaya take ce mata.

To, yarinyar nan ta ci jarrabawa, ci mai kyau, har kwalejin jiha ta koyon aikin jinya da ke Omdurman ta ɗauke ta. Sai dai kuɗin kwalejin iri biyu ne. Akwai na 'ya'yan mazauna jihar Khartoum, wanda mai shayi za ta iya in ta ɗaure cikinta. Akwai na 'yan wasu jihohi, wanda ko Indo ta sayar da murhu da kujeru da gadon kwananta ba za ta hango bakinsa ba. Yau kuma ake rufe rajista.

Zama kam Indo ta zauna, ta fi shekara ashirin a Alsahafa, lajna, wato kwamitin unguwa, ya ba ta shaidar zama ba tare da musu ba. Matsalar ita ce daga rajistar katin rabon sukari na gwamnati aka kwafo shaidar. Shekarun baya da mutumin lajna ya zo ya ce ta faɗi 'ya'yanta, ta ba shi Ado da Jibirin da auta Sittana, ta ja bakinta ta yi shiru. Wace mace mai tarbiyya ce za ta tsaya a ƙofar gida, maƙwabta na ji, ta ƙirga 'yar fari? Ta yi ta asarar rabon sukari guda, ita da sukari ne sana'arta, ko a jikinta. Makon jiya da yarinyar ta je kwalejin ita kaɗai aka juyo ta. Aka ce takardun makarantarta duk na Gezira ne, sunanta kuma ba ya cikin gidan da take cewa nasu ne. Ta zo da uwar, ta zo da wadda ta riƙe ta, in ba haka ba ta biya na baƙi.

A cikin hafila, motar haya, Gogo ba ta bar kowa ya huta ba. Ta yi wa kwandasta faɗa don ya kaɗa mata yatsu yana neman kuɗin mota, ta ce ita ba kaza ba ce. Ta yi wa direba faɗa a kan gudu, ta kuma yi masa a kan nawa. Da suka hau gadar Farin Nilu sai ta koma kan 'yan matan yanzu, waɗanda ke kiran 'ya'yansu na fari gatsau a kasuwa kamar masu talla. Ita nata na farin, ta ce, har Allah ya karɓi abinsa a wurin aikin bulo na Aljirif, ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. Labaran take nufi. Ta faɗa da alfahari, sannan ta juya tana kallon ruwa har suka sauka.

Indo ba ta damu da zancen ba. A tunaninta dangwala yatsa za ta yi a takarda, kamar yadda ake yi a ko'ina, ta kwance bakin tob ɗinta, lulluɓin matan Sudan, ta biya, ta koma ta tarar da masu shayin la'asar.

Sun sha layi har azahar ta gota kafin a kira su. Mai rajistar mace ce, Ustaza Khadiga, farin tob, tabarau a ƙarshen hanci, fuskar wadda ta gaji da ƙarya tun safe. Ta duba shaidar zama, ta duba takardun makaranta, ta ɗago ta tambayi Indo da Larabci ko wannan 'yarta ce.

Bakin Indo ya riga hankalinta. "'Yar Gogo ce," in ji ta.

Gogo kuwa, Allah ya ba ta lafiya, ta gyara zama ta buga sanda a ƙasa. "Tawa ce. Ni na goye ta."

Ustaza ta rufe fayil. Ta ce to magana ta ƙare, 'yar Gezira ce, taga ta biyu ake biyan kuɗin 'yan wasu jihohi. Yarinyar ta fara bayani, Larabci na zuba daga bakinta har tana haɗiye kalmomi, ta ce al'ada ce, ta ce wallahi wannan ce ta haife ta. Ustaza ta ce a makon nan kaɗai ta ga waɗanda suka aro uwa daga maƙwabta, ta ga wanda ya aro uba daga tashar mota, kowa da labarinsa mai daɗi. Ta miƙo fayil ɗin, idonta na kan ƙofa, tana neman na gaba.

Yarinyar ba ta karɓa ba. Ta juyo wurin Indo, ta kalle ta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Yaya, don Allah," ta ce da Hausa.

Indo ta sunkuyar da kai. Tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske. Ta hango yarinyar nan ta koma kambo, duk darasin da ta haddace a inuwar bango ya tashi a banza, tana sunkuye a gonar wani kamar yadda Indo ta sunkuya, kamar yadda Gogo ta sunkuya. Ga shi kuma da bakinta ta jawo.

Hannun Ustaza ya tsaya a sama da fayil ɗin. Ta kalli tsohuwar, ta kalli yarinyar, ta daɗe tana kallon Indo wadda ta sunkuyar da kai tana murza bakin tob. Sannan ta cire tabarau, ta yi magana da wata irin Hausa mai tauri, irin wadda ta daɗe a ajiye.

"Ta fari ce?"

Indo ta gyaɗa kai.

Ustaza ta koma Larabci. Ta ce kakanninta a hanyar aikin hajji suka yada zango a Omdurman, ba su ƙara gaba ba, ba su koma baya ba. Hausa ta bar gidansu, sai ta gaisuwa da ta faɗa. Ita ma ta fari ce. Uwarta ba ta kiran sunanta, wannan take ce mata, tun tana rarrafe har ta zama ma'aikaciya, har aka kai tsohuwar makwancinta. Ta faɗi haka ba tare da muryarta ta canja ba, ta mayar da tabarau, ta sake buɗe fayil.

Amma doka doka ce, in ji ta, ba ita ta rubuta ba, ba kuma za ta karya ta ba. In suna ba ya cikin shaidar zama, hanya ɗaya ce ta rage. Uwa ta ɗora hannu a kan Alƙur'ani, ta faɗi cikakken sunan ɗalibar da bakinta, da na uba da na kaka, ta ce ita ta haife ta. Wadda ta riƙe ta kuma ta ji, ta shaida. Ta tashi ta sallami masinja, ta rufe ƙofa, ta tambayi Indo ko tana da alwala. Iyakar abin da zan iya ke nan, ta ce.

Da na uba da na kaka. Indo ta ji maganar ta sauka a kanta ɗaya bayan ɗaya. Sunan 'yar fari, wanda kuma shi ne na uwarta. Sunan miji, wanda ba ta taɓa kira ba, yana raye yana mace. Sunan surukinta. Duka a numfashi ɗaya, a gaban Gogo, matar da ta gama ba da labari a kan gada. Da ƙasa za ta tsage da Indo ta gode mata. Ta ɗora hannu a kan Littafin, fanka na juyawa a sama, a waje ana ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Sai aka ji ƙarar kujera. Gogo ce. Ta tashi da ƙyar, ta juya kujerarta ta fuskanci bango, ta ja mayafi ta rufe kai, ta ciro carbi ta fara istigfari da ƙarfi, kamar mai korar tsuntsaye daga gona.

Indo ta gane. Hawaye suka cika mata ido. Ta kalli bayan tsohuwar nan da ya ranƙwafe, ta ja numfashi.

Da farko sunan ya fito kamar raɗa. Ustaza ta ce ba ta ji ba, ba don mugunta ba, da gaske ba ta ji ba. Indo ta ɗaga kai.

"Saratu," ta ce. "Saratu Labaran Mika'ilu. 'Yata ce. Ni na haife ta, a Alsahafa, ranar wata Alhamis ana ruwa."

Ba a tambaye ta rana ba, ba a tambaye ta ruwa ba, da kansu suka biyo. Istigfarin Gogo ya yanke daidai wurin suna na biyu, carbin ya tsaya a hannunta, sannan ya ci gaba a hankali. Yarinyar ta toshe bakinta da jakar takardu.

Ustaza ta yi rubutu, ta daɗe tana yi, fiye da yadda layi biyu ke buƙata. Ta tambayi Gogo da Larabci ko ta ji. Gogo ta juyo, idanunta jajur, ta ce ta ji, ta miƙa babban yatsa aka dangwala. Hatimi ya sauka. Aka ce taga ta ɗaya.

Indo ta rasa irin godiyar da za ta yi. Ta kama hannun Ustaza da hannu biyu, ta yi wa iyayenta addu'a, ta yi wa kakannin da suka yada zango, ta ce in dai tana raye, Ustaza ba za ta ƙara sayen shayi a Suk al-Shabi ba, rumfa ta bayan motocin Madani, kowa ya san Indo. Ustaza ta ce da na'ana'a take sha, sukari kaɗan. Sannan ta kalli yarinyar ta kira ta da sunanta, ta ce ranar Asabar ake fara darasi, kada ta makara.

A taga ta ɗaya Indo ta kwance bakin tob ta biya, abin da ta tara ya isa, har da ragowar kuɗin mota. Amma da suka fito harabar kwalejin ta kasa haɗa ido da Gogo. A gindin wata dalbejiya ta durƙusa, ta ce Gogo ta yafe mata, ta yi rashin kunya a gabanta yau.

"Me aka yi?" in ji Gogo.

Indo ta ce abin da ta faɗa a ciki.

"Ni istigfari nake yi. Yatsana ne ya shaida wa gwamnati, kunnena bai ji komai ba." Ta share ido da bakin mayafi ta ce fankar ofishin nan ta zuba mata ƙura. "Tashi, kina tara mana mutane."

A hafilar komawa Gogo ta samu kujerar gaba, nan take ta kama faɗa da sabon kwandasta. Indo da yarinyar suka matsu a baya, kafaɗa da kafaɗa, rasit ɗin kwaleji na cikin jaka a kan cinyar yarinyar. Indo ta mayar da fuska taga. Alhamdulillahi kawai take maimaitawa a zuci, ta rasa wa za ta fara sa wa albarka, mai farin tob ko mai sanda. Suka wuce kasuwa, suka hau gada, ruwa ya buɗe a ƙasansu.

Yarinyar ta matso da bakinta kusa da kunnenta.

"Ni dai na ji, Yumma."

Indo ba ta juyo ba. Ta ce wa taga, 'yar Gogo ta cika surutu. Hannun yarinyar ya lallaɓo ya shiga nata a ƙarƙashin tob, inda ba mai gani. Indo ta riƙe shi, ba ta saki ba har Suk al-Shabi.