Ranar da Firiji Ya Ci Wasa Bisa Kuskure

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce Firiji ya yi wa matarsa wani alkawari da ya zaci ranar cika shi ba za ta taɓa zuwa ba. Ranar ta same shi a tsakar ɗaki yana son ya waiga ya kasa, sai da ya juyo da gangar jikinsa gaba ɗaya. Ita kuwa nas ce a ɓangaren ƙashi, kowa Sista yake ce mata, kuma ta ga yadda wuya iri-iri suke ƙarewa.

"Wai yaushe za ka daina wannan haukan?" in ji ta.

"Ranki ya daɗe, ranar da muka hau rukuni na biyu, da hannuna zan miƙa miki takalman."

Ya faɗa da ƙwarin gwiwa ne domin ya san ƙungiyarsa. 'Yan ƙwallon zari-ruga ne na bayan tashar jirgin ƙasa, suna rukuni na uku, kuma abin da ya hana su faɗawa na huɗu shi ne babu shi. Akwai mai aski a cikinsu, da direbobin bas biyu, da mai gyaran famfo, da wani tela da ke rufe ido in an jefo masa ƙwallo. Filinsu a karkace yake, in an yi ruwa kwaɗi ne ke riƙe da ɓangaren hagu. Ɗakin canza kayansu tsohuwar kwantena ce, Firiji da kansa ya yanka mata taga, don shi mai walda ne.

Sunan kuwa daga siffa ya samo shi: faɗinsa ɗaya daga kafaɗa har ƙugu, ba wuya, ba kwana. Riga mai lamba uku yake sawa. Aikinsa yana cikin turereniya, inda ƙarti takwas ke sunkuyawa su haɗa kai da ƙarti takwas a yi ta turi har ƙwallo ta fito ta baya. Shi ne a sahun gaba, nauyin kowa a wuyansa yake sauka. A shekara goma sha tara sau biyu ya taɓa rugawa da ƙwallo, ɗaya ma wajen gidansu ya nufa. Amma yana son abin nan kamar ransa. Kwana shida shi mutum ne da ake yi wa tsiya kan ƙofar da bai gama ba, ranar Asabar kuwa bango ne da mutum bakwai suke jingina da shi. Tsoron Asabar ɗin da babu wannan yake yi, tsoro na gaske, amma ko za a yanka shi ba zai faɗa ba.

Bana sai ga ƙanin Sista ya ɓullo wajen atisaye da sababbin takalma. Ɗan kwana-kwana ne, dogo, shiru-shiru, bai san dokar wasan ko ɗaya ba. Koci, wani tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya, ya miƙa masa ƙwallo ya ce, "Ka ga layin can? Je ka ajiye ta a bayansa." Kafin mai aski ya gama ɗaure igiyar wando, mutumin ya je ya dawo yana tambayar ko akwai wani abu kuma. Nan take aka raɗa masa Gobara.

Wasan farko suka ci, Firiji ya fi kowa ihu. Na biyu ma suka ci. A na huɗu ya fara dariyar yaƙe. 'Yan kamfanin siminti, waɗanda suka saba yi musu dukan kawo wuƙa duk shekara, suka zo da mutum goma sha biyu saboda an sauya musu lokacin aiki. 'Yan kwalejin koyon noma kuma motarsu ta mutu a hanya, aka ba da maki kyauta. Ko tela ya cafe ƙwallo sau ɗaya, ido a rufe. Koci ya fara zuwa atisaye da jadawali a aljihu, yana shafa shi kamar hoton jika.

A gida ma abubuwa suka canza. Matar da shekara goma sha tara ba ta taɓa tambayar wa ya ci ba, yanzu tun daga ƙofa take tarbarsa.

"Sannu da zuwa, maigida. Nawa da nawa?"

"Mun ɗan ci."

"Madalla. Saura nawa?"

Wata Lahadi ya ga ta zazzage wani kwali ta kakkaɓe shi ta ajiye a kan kabad. Bai tambaya ba. Ya dai auna da ido, ya ga daidai tsawon ƙafarsa ne.

Suka ƙare a matsayi na biyu a rukuninsu, suka shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Nan Firiji ya ga zama bai kama shi ba. Ranar wasan kusa da na ƙarshe ya gayyaci Gobara cin abincin rana, ya yi ta tura masa kwano.

"Ci mana, ƙanina, ka rame. Yayarka za ta ce ba na kula da kai."

"Yaya, ko dai so kake in kasa tashi?"

"Kai, ji ɗan banza! Ni da nake maka gata?"

Gobara ya share kwano uku, ya sha ruwa, ya je ya dire ƙwallo a bayan layi sau uku, kowane kwano da tasa.

Wasan ƙarshe a filin 'yan kamfanin gilashi aka yi, da yamma, ciyawa shar kamar ba a taɓa taka ta ba. Duk wanda ya ci shi ne zai hau rukuni na biyu. Sista ta zo, karo na farko a rayuwarta, ta zauna a layin gaba da wata babbar jaka a cinya.

Saura minti ɗaya ana bin su Firiji da maki biyu, alƙalin wasa ya ba su turereniya taku biyar daga layin abokan hamayya. Firiji ya ji zuciyarsa ta yi sanyi, domin dama ce ta zo har gida. Abin da ke faruwa a ƙasan turereniya ba wanda ya sani, alƙalin ma canka yake yi. In ya ɗan saki gwiwa ɗaya, komai zai rushe, a hura usur a ce laifinsu ne, a tashi. Za a yi jimami, a ce saura ƙiris, shi kuma ya samu wata shekarar. Ya yanke shawara. Har ya zaɓi gwiwar, ta dama, wadda kowa ya san tana ciwo.

Suka sunkuya. Wanda ke gabansa wani matashi ne mai ƙiba, kumatu sumul, da alama mai tarbiyya. Da suka haɗa kunne da kunne sai ya raɗa masa cikin ladabi:

"Baba, ka bi a hankali, ba zan matsa maka ba."

Baba! Da zagi ya yi da an wuce wurin. Firiji ya ji wani abu ya taso masa tun daga tafin ƙafa, ya manta Sista, ya manta kwali, ya manta wace gwiwa ce ma ya zaɓa. Ya kafa ƙafa ya yi wani gurnani, ya ɗaga mai tarbiyya har ƙafafunsa suka bar ƙasa. Mutum goma sha shida suka tafi luu suka haye layi, wani direban bas ya faɗa kan ƙwallo, usur ya tashi, su Firiji sun ci wasa.

Sai da ya ga Koci yana kuka yana sumbatar jadawali sannan ya gane abin da ya aikata.

Aka yi yunƙurin ɗaga shi sama, mutum shida suka gwada suka haƙura. Ya janye jiki ya je ya zauna a benci a gefen fili. Sista ta taho ba gaggawa, ta tsaya a gabansa.

"Ke kika turo shi, ko?" in ji Firiji.

"Ni na saya masa takalman."

"Wannan ai zamba ce cikin aminci."

"Ai ba Gobara ne ya ɗaga ɗan mutane sama ba. Ina kallo."

Ya dubi takalmansa. Da ma ya ce da hannunsa zai miƙa, don haka ya sunkuya zai kwance igiya. Wuyan ya ƙi. Ya miƙa hannun hagu a makance, yatsun suka taɓa igiyar suka kasa kama ta. Ya sake gwadawa, yana dariya wai laka ce ta sa santsi.

Sista ta durƙusa a cikin ciyawa da fararen kayanta ta ture hannun.

"Shekara uku ke nan duk ranar Lahadi da hannun dama kake ɗaukar kofin shayi," ta ce, ba ta ɗago ba. "Kai da kake bahago. Ka ɗauka ban gani ba?"

A bayansu ana ta waƙa, ana kiran sunansa ya zo a ɗauki hoto da kofi. Ta kwance na dama, ta kwance na hagu, ta zare su ta bubbuga suka zubar da laka. Sannan ta buɗe jakar ta fito da kwalin, ta ɗora masa takalman a cinya ta jira. Ya ɗauka da hannun dama ya saka su ciki.

Ta rufe kwalin, ta ciro silifas ɗinsa na gida daga jakar ta ajiye masa a gaban ƙafa.