Mutum na Bakwai

"Ƙara ja, Rissa. Ko lalle kaka ɗaura ma amarya?"

Rissa ya ƙara jan igiyar fatar har ta nutse a wuyan hannun tsoho Ma'azu. Maƙeri ne shi, ɗaurin sirdin raƙumi ya iya, irin wanda ba ya kwancewa sai da wuƙa. Ya ja hannun rigar Ma'azu ya rufe ƙullin, zuciyarsa ba ta so ba.

"Tsoho, in ka hwaɗi hwa?"

"In na hwaɗi in tashi. Hannun ga na ka rawa, ba ni ba."

Shekara ashirin katangar zana ɗaya ce tsakanin gidajensu a unguwar Tudu, cikin garin Tawa, kuma Rissa bai taɓa cin Ma'azu a gardama ba. Ranar ma bai ci ba.

Wasan gora wasan maza ne, kuma a gaskiya wasan marasa hankali ne. Sanda mai lanƙwasa ta icen aduwa, busasshen ƙwallon goruba, sai unguwa biyu, Tudu da Gangare, kowace na neman kora ƙwallon ya wuce iyakar ɗaya. A da, bayan girbi, kowane gefe kan fito da mutum arba'in. Amma tun da aka sami 'yancin kai, duk Lahadi kamyo, babbar motar kaya, ke kwashe samari zuwa biɗar kuɗi a Abijan, 'yan lakwal, wato 'yan boko, da suka rage kuma balo, ƙwallon ƙafa, suke so. Bana wani ma'aikaci ya zo da takarda ya karanta: in kowace unguwa ba ta tsayar da mutum bakwai daga farkon wasa har ƙarshensa ba, za a ba 'yan balo filin wasan. Gangare sun haɗa tara. Tudu aka ƙirga, aka sake ƙirgawa, shida ne har da Rissa. Sai Ma'azu, wanda ya haura sittin, wanda shekara talatin shi ke saro sandunan unguwa yana gasa su, shi ke ɗora ƙafar duk wanda ya karye, ya ce shi ne na bakwai.

Ga kuma dokar wasan, wadda ko yaron goye ya sani. In ka faɗi ka saki sanda, kowa zai tsaya a fitar da kai, ka fita ke nan. In kana riƙe da ita, kana cikin wasa, kome ya same ka kai ka saya. Ma'azu ya san hannunsa ba ya riƙe ko ludayi da kyau, shi ya sa ya nemi a ɗaure masa sandar a hannu.

Bayan la'asar aka buga kalangu, aka jefa ƙwallo. Kafin a daɗe jini ya fito. Sanda ta sami wani ɗan Tudu a baki, ya tofar da haƙori ya ci gaba. Wani ɗan Gangare ya sha duka a ƙwauri, ya yi ihu, ya wurgar da sanda aka ja shi waje. Mata na guɗa, tsofaffi na zagi, ma'aikacin nan na zaune kan kujerar ƙarfe yana ƙirga kawuna da alƙalami. Ma'azu kuwa ba ya gudu, tsayawa yake inda ya san ƙwallo zai biyo, ya tare, ya ɗan karkata shi. Sau biyu ya kunyata Adamu mahauci, ƙaton Gangare, har jama'a suka yi dariya. Adamu bai yi ba.

Rissa na can nesa lokacin da abin ya faru. Ƙwallo ya gangaro, Ma'azu ya miƙa sanda, kafaɗar Adamu ta same shi a ƙirji. Ya faɗi ruf da ciki, ƙwallon a ƙarƙashinsa. Mutum huɗu suka rufa, suka ɗan dakata, suna duban hannunsa. Sandar na nan manne da shi. Sai suka hau sara.

Ba mugunta suka yi ba, wannan shi ne abin baƙin cikin. Ƙwallo suke nema su tono, kamar yadda shi Ma'azu ya koya wa rabinsu. Sanduna na sauka a haƙarƙarinsa, a bayansa, a ƙugunsa, ƙararsu kamar ana bugun gero a masussuka. Rissa ya taho da gudu yana ihu.

"Ɗaure take! Ku bari! Ɗaure take!"

Kalangu ya cinye muryarsa. Yana isowa ya ga abin da babu wanda ya lura da shi: yatsun Ma'azu biyar a buɗe suke, a shimfiɗe cikin ƙasa. Tsohon ya riga ya saki. Igiyar ce ta ƙi.

Sandar Adamu ta sauka a bayan kunnen Ma'azu. Rissa bai san lokacin da ya ɗaga tasa ba, sai dai ya ga goshin Adamu ya tsage, jini ya rufe masa ido. Daga nan wasa ya ƙare, faɗa ya fara. 'Yan kallo suka shigo da duwatsu, aka fasa kalangu a kan wani, aka karya wa ɗan Tudu hannu. Rissa ya kwanta a kan maƙwabcinsa yana shan tattaka, ya zaro wuƙar da ke damtsensa ya yanke igiyar, ya cusa ta a aljihu. Ko a cikin wannan tashin hankali ya tuna ya ɓoye ta, kuma wannan ya dame shi har ƙarshen ransa.

A kan ƙyauren ƙofa aka kai Ma'azu gida. An ce a kai shi gidan likita, ya girgiza kai. Matarsa Tanna ta wanke masa jini. Da ta zo wuyan hannunsa ta ga shatin igiya ya zagaye shi, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗago ta dubi Rissa.

"Ɗaurin wa na wanga?"

"Shi yac ce in ɗaure, Tanna."

"Shi yac ce. Da ya ce ka jefa shi rijiya, sai ka ɗebe murhin?"

Rissa ya koma bakin ƙofa ya tsuguna.

Washegari da hantsi Adamu ya zo, kansa naɗe da tsumma, yana kuka kamar yaro. Ya durƙusa a tsakar gida.

"Wallahi, Inna, shina riƙe da sanda. Kowa ya gani. Da ya saki, ko ƙuda ba ni bari shi sauka bisa Baba."

Tanna ta dubi Rissa. Rissa ya dubi ƙasa. Aka bar Adamu ya tafi da abin da ya sani.

Wajen azahar Ma'azu ya farfaɗo. Numfashinsa na fita da wani gurnani, jini na taruwa a gefen bakinsa. Ya laluba ya kama rigar Rissa.

"Mu nawa munka ƙare?"

"Bakwai, Tsoho."

"Hilin hwa?"

"Mai takarda ya rubuta bakwai. Hilinmu na."

Ma'azu ya rufe ido, ya sake buɗewa. Akwai tsoro a cikinsu, wanda Rissa bai taɓa gani ba.

"Ban saki ba, ko? Kaina ya ruɗe, ban tuna ba."

Tanna na tsaye a ƙofar ɗaki riƙe da ƙwaryar ruwa, tana ji.

"Ba ka saki ba," in ji Rissa.

Kafin la'asar ya cika. Aka kai shi, 'yan Tudu da 'yan Gangare suka haɗu a makara ɗaya, wasu na ɗingishi, wasu da hannu a rataye.

Filin ya zama nasu, kamar yadda takarda ta ce. Amma Lahadin da ta biyo, uku daga cikin shidan suka hau kamyo, ɗaya da karyayyen hannunsa.

Ranar sadakar bakwai Rissa ya leƙa ta kan zana. Mata sun ɗora manyan tukwane, icen girki ya yi kaɗan. Tanna ta shiga rumbu ta fito da sandunan unguwa, rungume, sun fi talatin, kowace ta yi baƙi a mariƙa saboda gumin hannu. Wata maƙwabciya ta ce wani abu, Tanna ba ta juya ba. Ta tsuguna ta tura su ɗaya ɗaya a ƙarƙashin tukunya, ta gyara musu zama. Icen aduwa ne da ya daɗe da bushewa, ya kama ba hayaƙi, yana ci a hankali.